Ɗalibai 120 a amfi (babban ɗakin lacca na jami'a), awa biyu a mako: ta yaya bakinsu zai buɗe da Ingilishi?

Malam Hamadu, Marwa

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga maganar da nake so mu zauna a kanta. A nan Kamaru yaro ya yi shekara bakwai a lise, wato sakandaren tsarin Faransanci, ana koya masa Ingilishi, tun daga siziyam, ajin farko, har tarminal, ajin ƙarshe, ya zo jami'a a ƙara masa Ingilishi a darasin da ake kira na harsuna biyu, amma a ce masa ya yi bayanin minti biyu sai ya kama sosa ƙeya. A takarda yana cike gurbi daidai. A baki babu.

Lissafin ma shi kaɗai ya isa. Ɗalibai 120, awa biyu, wato minti 120. Ko malami bai ce uffan ba, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowa minti ɗaya zai samu a mako. In aka raba su huɗu huɗu aka ba su minti 20, kowa na da minti biyar. Shi ya sa nake ganin kwaikwayon yanayi, inda ake kafa wani al'amari na rayuwa a cikin aji kowa ya riƙe matsayinsa, ya cancanci a gwada shi da gaske. Waɗanda suka san aikin su faɗa mana yadda ake tsara shi da inda yake lalacewa.

Malama Asta, Ngaundare

Wa alaikumus salam Malam. Abu na farko, a raba shi da wasan kwaikwayo. Abin da yawancin ajujuwa ke yi shi ne a ba ɗalibai biyu hira rubutacciya, wannan likita wannan majinyaci, su haddace su fito gaban allo su karanto, sauran 118 suna kallon waya. Wannan hadda ce. Ran da wani ya yi musu tambayar da ba ta cikin takarda, shi ke nan.

Na gaskiyar yana da sharaɗi uku. Kowa yana riƙe da wani bayani da sauran ba su da shi, kuma ba za a gama aikin ba sai an ji shi. Akwai shawarar da dole a yanke kafin lokaci ya cika: farashi, wanda za a ɗauka aiki, yadda za a raba kuɗi. Sannan babu wanda ya san yadda za ta ƙare, har malamin. In ɗaya cikin ukun nan ya faɗi, za ka ga ƙungiya ta gama cikin minti huɗu ta koma hirar ƙwallo.

Sani, ɗalibin makarantar horon malamai, Marwa

Malama, don Allah a ba mu misali guda cikakke, da abin da za a rubuta a kati.

Dakta Ɗanjuma, Garwa

Sani, ga ɗaya da ya dace da 'yan shekarar farko, musamman na sashen tattalin arziki. Cinikin albasa. Kowa a nan ya san albasar Marwa, kowa ya san ana kai ta nesa, saboda haka ba sai an ɓata lokaci ana bayyana duniyar da za a shiga ba. Mai saye ya zo daga Najeriya, ba ya jin Faransanci, shi ne dalilin yin Ingilishi. Wannan dalilin yana da muhimmanci, domin ɗalibi in bai ga abin da ya hana a yi maganar da Faransanci ba, zai yi ta da Faransanci.

Kati huɗu ne. Alkaluman na aji ne kawai, kowa ya daidaita su da kasuwar lokacinsa.

Shugaban ƙungiyar manoma: yana da buhu 200. Ba zai sauka ƙasa da sefa 18,000 kowane buhu ba. Sirrinsa, buhu 40 sun fara tsiro, yana so ya rabu da su cikin kwana uku.

Mai saye: ba zai wuce 21,000 ba. Yana buƙatar aƙalla buhu 150. Rabin kuɗinsa naira ne, sauran sai bayan mako biyu.

Mai mota: motarsa buhu 120 take ɗauka, sawu biyu ke nan, kuma yana da wani lodi ranar Alhamis.

Dillali: yana da kashi biyu cikin ɗari idan ciniki ya faɗa, ba shi da ko sisi idan ya watse. Shi ne kuma zai rubuta yarjejeniyar a layi biyar.

Ku lura da tazarar 3,000 da ke tsakanin 18,000 da 21,000. In babu tazara, ciniki ba zai taɓa faɗawa ba, ɗalibai su gaji su yi fushi. In ta yi faɗi, kamar 10,000, tayin farko ma an sallama. Kada kati ya wuce kalma 60, kuma a rubuta shi da guntayen bayanai, ba cikakkun jimloli ba, in ba haka ba karanto shi za su yi.

Rabon lokaci a zaman awa biyu: minti 10 gabatar da yanayin. Minti 15 koyar da maganganun da za a buƙata, kada su wuce takwas, irin na tayi, ƙin amincewa cikin ladabi, neman a maimaita, da gindaya sharaɗi. Minti 15 masu kati iri ɗaya su haɗu, wato manoma da manoma, dillalai da dillalai, su fahimci katinsu su shirya dabara. Minti 20 cinikin kansa. Minti 20 bita da gyara. Minti 12 a sake cinikin da sababbin abokai. Abin da ya rage na shiga da fita da juya benci ne, kuma zai cinye fiye da yadda kake zato.

Matakin nan na masu kati iri ɗaya shi aka fi tsallakewa don ana ganin ɓata lokaci ne. Shi ne kuwa ke ceton mai rauni, domin a nan yake tambayar abokinsa abin da bai gane ba, ba tare da ya ji kunya a gaban wanda zai yi ciniki da shi ba.

Baba Malam Isa, Garwa

Na karanta duka. Ni dai ina da ja. Yaron da bai iya haɗa jimlar tambaya ba, ka sa shi ciniki da wani wanda shi ma bai iya ba, me za su koya wa juna? Kuskure ne zai auri kuskure. Wannan ya ce abu ba daidai ba, wancan ya ji ya ɗauka, malami yana can ƙungiya ta goma sha bakwai. Bayan wata uku bakinsu ya saki, amma da gurɓataccen Ingilishi wanda ya riga ya zauna, cire shi sai an sha wuya. Nahawu da farko, magana ta biyo baya. Ba a ɗora jinka kafin a tayar da bango.

Malam Hamadu, Marwa

Allah ya gafarta Malam, maganarku tana kan hanya, sai dai shekara bakwai ana nahawun nan. Yaushe za a ce ya isa a fara magana?

Baba Malam Isa, Garwa

Shekara bakwai a aji mai mutum ɗari, da littafi ɗaya a benci. Kada mu ruɗi kanmu cewa sun iya nahawun. Sun dai ji labarinsa.

Malama Asta, Ngaundare

Baba, abin da kuke tsoro yana faruwa, amma yana faruwa ne inda aka yi kwaikwayon aka tashi ba bita. A ganina minti 20 na bita sun fi minti 20 na cinikin daraja, kuma malamin da ba shi da lokacin bita gara ya bar abin gaba ɗaya.

Ga yadda ake yi. Lokacin da suke magana, malami ba ya katse kowa. Yana zagayawa da takarda mai gida uku: abin da aka faɗa daidai kuma ya yi kyau, kuskuren da ya hana fahimta, da wurin da ɗalibi ya nemi kalma ya rasa ya koma Faransanci. Ba zai iya jin ƙungiya 30 ba, kada ma ya gwada. Ya tsaya wa shida, minti uku uku, mako mai zuwa wasu shidan. Kurakuran aji ɗaya kusan iri ɗaya ne, abin da ka ji a shida shi ke cikin talatin.

A bita a fara da sakamako: wa ya sayar a nawa, wa ya gano buhunan da suka yi tsiro, ina ciniki ya watse kuma me ya watsa shi. Sannan a rubuta jimloli shida zuwa takwas a allo, ba suna, ɗalibai su gyara da kansu biyu biyu. A nan nahawun Baba zai shigo, kuma zai shiga kai, domin minti goma da suka wuce yaron ya nemi yadda zai ce "in ka ɗauki duka zan rage maka" ya rasa. Yanzu in ka koya masa jimlar sharaɗi, ya san inda zai ajiye ta. Sai zagaye na biyu da sabon abokin ciniki da lokaci mafi gajarta, don ya yi amfani da gyaran tun yana da ɗumi. In an cire zagaye na biyu, gyaran a allo zai kwana.

Baba Malam Isa, Garwa

To in haka ne da sauƙi. Amma takwas sun yi yawa. Huɗu, a kuma dawo da su mako mai zuwa a ga ko sun zauna.

Malam Mahamat, Injamena

Sannunku da aiki. A nan Chadi nauyin ya ɗan fi, domin harsunan hukuma Faransanci ne da Larabci, Ingilishi baƙo ne sosai, ba kamar Kamaru ba inda yake cikin tsarin mulki har aka yi dokar harsunan hukuma a Disamban 2019. A aji ɗaya za ka tarar da wanda ya biyo ta makarantar Faransanci da wanda ya biyo ta Larabci, kuma da zarar malami ya juya baya, Larabcin Chadi ne ke haɗa su. Buƙatar kuwa tana nan: ƙungiyoyin agaji a gabas, wajen Abeche da Adre, tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, da yawansu suna son wanda zai iya zama a taro da Ingilishi. Saboda haka kwaikwayon ganawar neman aiki da na taron ma'aikata su suka fi jan ɗalibai.

Ga 'yan shekara ta uku akwai wanda ya fi nauyi: zaman Hukumar Tafkin Chadi. Hedikwatarta a nan Injamena take, an kafa ta a 1964, ƙasashen da suka kafa ta Kamaru, Chadi, Nijar da Najeriya, daga baya Afirka ta Tsakiya da Libiya suka shiga. Wakilai shida ke nan da shugaban zama, mutum bakwai. A ba su wani adadin kuɗi na aji da ayyuka huɗu, a ce biyu kawai za a iya yi. Amma wannan ba na zama ɗaya ba ne. Mako na farko karatu da tara kalmomi, na biyu kowace tawaga ta rubuta matsayinta a rabin shafi, na uku zaman. Wanda ya ba 'yan shekarar farko wannan, shiru zai girba.

Tambayata ita ce komawa harshen gida. Wasu suna cin tara, sefa 25 duk wanda aka kama. Me kuka gani?

Hajiya Balki, Marwa

Malam Mahamat, tarar nan a bar ta. Abin da take haifarwa shi ne mai rauni ya rufe bakinsa gaba ɗaya, tun da shiru ba a cin sa tara. Kuma malami ya shiga karɓar kuɗi a hannun ɗalibai, ko sefa biyar ne, magana ce da ba a san inda za ta tsaya ba.

Abin da ya fi aiki shi ne a raba lokaci a fili. Minti 15 na shiri, a yi da Faransanci, da Fulatanci, da Hausa, da Larabci, duk abin da zai sa a gane kati. Da an buga tebur an shiga ciniki, Ingilishi kawai. Sannan a duba dalilin komawar, domin iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Wanda ya rasa kalma, a ba shi hanyar kewaya ta: ya siffanta abin, ya nuna, ya tambaya. Waɗanda ba su gane umarni ba suna tambayar juna me aka ce a yi, laifin gabatarwa ne, a sa ɗalibi ɗaya ya maimaita umarnin kafin a fara. Waɗanda kuma ciniki ya yi zafi har suka manta da aji suke, wannan alama ce katin ya yi kyau, a taɓa kafaɗa kawai a wuce.

Akwai wani abu da ba a ambata ba. A ƙungiyar maza uku da mace ɗaya, sau da yawa ita ce za a miƙa wa biro a ce ta yi rubutu. Kada a bar ƙungiya ta raba kati da kanta. Malami ya raba, kuma katin da ke ɗauke da bayanin da ba a iya gamawa sai da shi, a ba wanda aka san ba ya magana, mace ko namiji. Ana kuma iya ba kowa ƙwayar wake biyar, duk wanda ya yi magana mai tsawo ya ajiye ɗaya a tsakiya, wanda nasa suka ƙare sai tambaya kawai zai iya yi. Abin dariya ne a makon farko, amma yana rage wa sarakan surutu gudu.

Dakta Ɗanjuma, Garwa

Hajiya ta tuna mini da 'yan yankin Kamaru mai amfani da Ingilishi, na Bamenda da Buea da ke karatu a nan arewa. In ka jefa ɗaya a ƙungiya a matsayin mai saye, shi kaɗai zai yi magana, sauran su gyaɗa kai. In ka tara su wuri ɗaya kuma, Pijin za su koma. Matsayin da ya fi dacewa da su shi ne shugaban zama ko dillali, da umarni a katinsa: ba ya kawo nasa ra'ayi, aikinsa ya tambayi kowa, ya taƙaita abin da aka ce, ya tabbatar kowa ya yi magana sau uku. Shi ma yana da abin koyo a nan, domin sassauta harshe don wani ya gane ba kowa ya iya ba.

Baba Malam Isa, Garwa

Tun da ciniki za ku sa su, ku fara da lambobi, in ba haka ba za ku sha mamaki. Wanda ya tashi da Faransanci yana danna ƙarshen kalma, saboda haka fifty a bakinsa tana fita kusa da fifteen, mai saye ya ji 15 mai sayarwa yana nufin 50. Haka daga 13 da 30 har 19 da 90. Minti biyar na atisaye: ɗaya ya faɗa, ɗaya ya rubuta, su gwada takarda. Sannan waƙafi. A Faransanci 2,5 biyu da rabi ne, a Ingilishi ɗigo ake sawa, waƙafi kuma na raba dubbai ne. Ga mu Hausawa kuma a kula da p da f, ga 'yan Faransanci h da ke ɓacewa a farkon kalma. Waɗannan su ke hana fahimta. Sautin th kuwa ku bar shi zuwa gaba, ba wanda ciniki ya watse masa saboda shi.

Sani, ɗalibin makarantar horon malamai, Marwa

Na gode Baba. To amfi fa, benci a kafe suke da ƙasa, kuma in mutum 120 suka buɗe baki lokaci ɗaya ba mai jin wani.

Malam Hamadu, Marwa

Shi ya sa huɗu ta fi biyar. Biyu na layin gaba su juyo su fuskanci biyu na baya, gwiwa da gwiwa, ba wanda ya tashi. In ɗaliban ba su cika amfin ba, a bar layi ɗaya fanko bayan kowane layi biyu, malami ya samu hanyar wucewa, ƙara kuma ta ragu. Rabin aji ana iya fitar da su ƙarƙashin darbejiya, Marwa dai ba ta rasa ta ba, amma a watan Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, sai zaman safe. A sanar da malamin ɗakin da ke maƙwabtaka tun kafin ranar. A kuma yi alamar tsayawa da kowa ya sani, kamar ɗaga hannu wanda duk ya gani shi ma ya ɗaga ya yi shiru, domin ihu ba ya ratsa mutum 120.

Kati kuma: shafi ɗaya ya ɗauki katunan huɗu, fotokofi 30 ke nan, a yanka. A sa wa kowane matsayi harafi babba a baya, a karɓe su a ƙarshe don ajin gaba. Delege, wato wakilin aji, ya taimaka da rabo, in ba haka ba minti goma sun tafi.

Hajiya Balki, Marwa

Gargaɗi ɗaya kan zaɓen yanayi. Rikicin manoma da makiyaya yana da daɗin tsarawa a takarda, kowa da buƙatarsa, ga ruwa ga burtali. Amma a ajinka akwai wanda danginsa suka tsallaka Chadi lokacin rikicin yankin Logon da Shari na Disamban 2021, akwai 'yan Mayo Sava da Mayo Tsanaga da Boko Haram ta tashi ƙauyukansu. Ba ka san wa ke zaune a benci na tara ba. In za a yi rabon ruwa, a ƙirƙiro gari, kada a sa sunan ƙabila ko addini a kati. Haka yanayin karɓar 'yan gudun hijira irin na sansanin Minawao: yana da amfani ga masu son aikin agaji, amma a tsaya kan rajista da rabon kaya da bayanin magani, kada a sa ɗalibi ya ba da labarin hari. Duk wanda ya nemi a canza masa kati, a canza ba tambaya.

Malam Mahamat, Injamena

Saura maki. Ɗalibi in ya san jarrabawar ƙarshe a rubuce take, ranar kwaikwayo ita ce ranar da zai je neman takardunsa a ofis.

Malama Asta, Ngaundare

Gaskiya ne, dole ya shiga makin gwajin cikin zango. Amma kada a ba da maki a zama biyu ko uku na farko, tsoron maki yana mayar da su hadda. Daga baya kowace ƙungiya ta ɗauki sautin zagaye na biyu da waya ɗaya a tsakiyar benci, kowa ya faɗi lambarsa a farko, su turo minti biyar ta WhatsApp. Ƙungiya 30 sau minti biyar awa biyu da rabi ne na saurare, saboda haka sau biyu a zango ya isa. Maki 20 a raba huɗu: an gane shi, ya ci gaba da magana ba dogon tsayawa, ya saurari wasu ya amsa abin da suka ce, sannan daidaiton nahawu da kalmomi. Kada a ba da maki don wanda ya ci ciniki, in ba haka ba za su ɓoye bayani su ƙi sassautawa. Kada kuma a ba ƙungiya maki ɗaya a dunƙule, kowa da nasa.

Aikin gida mai amfani: kowa ya rubuta minti ɗaya na maganarsa kalma da kalma, da duk inda ya yi tuntuɓe, sannan ya gyara da jan biro. Yana ɗaukar kusan rabin awa.

Baba Malam Isa, Garwa

Biyar kacal ga nahawu? Ku ba shi takwas.

Malama Asta, Ngaundare

Baba, a shekara ta uku a ba shi takwas. 'Yan shekarar farko shida, a rage ɗaya daga na rashin tsayawa.

Sani, ɗalibin makarantar horon malamai, Marwa

Dakta, in adadin bai rabu huɗu daidai ba fa, ko wasu suka zo a makare bayan an raba kati?

Dakta Ɗanjuma, Garwa

Ka buga kati na biyar guda goma ka ajiye a aljihu: mai sa ido. Yana zama gefen ƙungiya, yana yin alama duk sanda wani ya yi magana, yana rubuta kalmomi uku da aka rasa. A bita shi ke fara ba da rahoto, da Ingilishi, jimla uku. Wanda ya makara shi ma wannan zai samu, a zagaye na biyu ya karɓi katin dillali.